Farashin gahawa: wane "daidai" ake so a koma?

Tun da farashin gahawa nau'in Arabika ya haura dala 4 kan kowace laba a kasuwar New York a watan Fabrairun 2025, abin da ba a taɓa gani ba, masu sharhin kasuwa suka kama waƙa ɗaya: a yi haƙuri, da zarar damina ta yi kyau a Brazil komai zai koma daidai. Wannan maganar ce ke ba ni haushi, domin ba sa faɗa mana yanayin da suke kira daidai.

A 2019 laba ɗaya ta faɗi ƙasa da dala ɗaya, kuɗin da bai isa manoma da dama a Kolombiya da Honduras su biya taki da ladan masu tsinka ba. A 2001 farashin ya ma gaza santi 50. Tun bayan rushewar tsarin kaso na Yarjejeniyar Gahawa ta Duniya, wanda ke ƙayyade yawan gahawar da kowace ƙasa za ta fitar, a 1989, faɗuwar farashi ta zama abin da manomi ya saba da shi, alhali kamfanonin da ke soyawa da niƙawa suna ta cin riba. Manomin da ya shafe shekaru yana sayarwa a kan asara ba zai tuge tsofaffin bishiyoyi ya dasa sababbi ba, tunda sabon dashe sai ya yi shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya, ba zai kashe kuɗi kan ban ruwa ba, 'ya'yansa kuma sai su bar gona su nemi wata sana'a. Shi ya sa lokacin da fari ya afka wa Brazil da Vietnam a 2024, ƙasashe biyu da ke noma fiye da rabin gahawar duniya, ba a sami wanda zai cike giɓin ba.

Masu cewa yanzu manoma sun yi arziki ba su taɓa tambayar buhu nawa fari ya bari a gonar ba, ko kuma nawa aka riga aka sayar wa dillalai kafin farashin ya tashi.

Inda kuɗin yake ba ɓoyayye ba ne. Switzerland da Jamus, waɗanda ba sa noman gahawa, suna cikin manyan masu fitar da soyayyiyarta zuwa kasuwannin duniya. A watan Agustan 2025 kamfanin abin sha na Keurig Dr Pepper ya sanar da sayen kamfanin gahawa na JDE Peet's kan kusan Yuro biliyan 15.7, wato manyan masu sayen gahawa suna ƙara dunƙulewa yayin da miliyoyin ƙananan manoma ke ciniki kowa shi kaɗai. Sannan ga dokar Tarayyar Turai kan sare dazuzzuka, mai kyakkyawar niyya, wadda ke neman taswirar kowace gona, nauyin da zai fi danne manomin Habasha mai ƙasa da hekta ɗaya. An ɗage fara aiki da ita, amma ba a ce ga wanda zai biya kuɗin taswirar ba.

Idan Nestlé da Starbucks da takwarorinsu da gaske suke tsoron ƙarancin gahawa nan gaba, to su ƙulla yarjejeniyar saye ta shekaru da dama mai ƙayyade farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Ƙasashen da ke nomawa kuma, musamman Habasha da Uganda, su rage fitar da ɗanyen ƙwaya su fara soyawa a gida.