Yaya ba shi da laifi, ET25 ne

Ranar da na sa aka rage wa motata tsayi, ranar na jawo wa kaina. An canja sifirin, ta sauko da milimita 40, ta kwanta luf kamar kyanwa tana fakon ɓera. Na ja da baya ina kallo, sai na ga tayoyin sun shige can ciki, jikin motar ya lulluɓe su kamar yaro ya zura rigar babansa. Rim ɗin da ta zo da shi inci 17 ne, faɗinsa inci 7, an buga ET45 a bayansa. Ni kuwa so nake gefen taya ya zo cif da bakin madigadi.

Na yi awo, kada wani ya ce ban yi ba. Na jingina sanda a jikin madigadi, na zura yatsu tsakaninta da taya, yatsa ɗaya da rabi suka shiga. Da wannan ilimin na yi odar rim inci 18, faɗi inci 9, ET25. A lissafina 25 bai kai 45 ba, don haka ƙaramar lamba ita ce mai ladabi, ba za ta leƙo waje sosai ba. Ramukan noti kuwa, 5x114.3, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, sau uku na duba, har ina yaba wa kaina da tsantseni.

Da aka ɗaura, tayoyin suka turo waje kamar haƙoran gaba. Na ce ido ne bai saba ba. In na murɗa sitiyari har ƙarshe sai in ji wani ƙirrr, sai in ƙara muryar rediyo.

Kwana uku bayan haka na rage wa babban yayana hanya. Akwai kaya a gaba, sai ya zauna a baya, kuma Yaya mutum ne da Allah ya hore wa jiki. Muna hawa tudun rage gudu na farko, motar ta yi wani gurnani daga ƙarƙashinsa.

"Kai, mene ne wannan?"

"Ba komai, Yaya, nauyi ne."

Kayan da ke but nake nufi, wallahi. Ta madubi na ga ya sunkuyar da kai ya dubi tumbinsa, bai sake cewa uffan ba. Daga nan duk tudun da muka tunkara sai ya kama mariƙin saman ƙofa ya ɗan ɗaga jikinsa, wai yana sauƙaƙa wa mota. Ƙaurin roba ya cika mana hanci, muka isa ba wanda ya dubi wani.

Washegari bakanike ya shafa gefen tayar baya, ya nuna min zanen da bakin madigadi ya yanka a zagaye, ga ɓurɓushin roba a yatsansa. Ya tsuguna ya zana rim a ƙasa da sukurdireba. Ashe ET tazara ce, da milimita, tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne da mota, kuma harufan daga wata kalmar Jamusanci suka fito. Lamba ta ƙaru, rim ya shige ciki. Ta ragu, ya fito waje. A juye na ɗauki karatun.

"Malam, ka ƙara faɗi inci 2, wato milimita 50.8, rabi ciki rabi waje. To ga 25 a waje. Ka rage ET da 20, ga wasu 20. Nawa ke nan?"

"45," na ce a hankali.

"Filin da kake da shi fa?"

Na ɗaga masa yatsa ɗaya da rabi. Ya kawo ruwula, 25 ne. Ya ƙara da cewa duk lokacin da sifirin ya matse, taya sama take yi ta shige cikin madigadi, ni kuma na riga na cinye 40 daga wannan hanyar. Boris ɗin taya ma yana shan wahalar rim da ya yi waje da yawa.

Da na ji magana da an gama a nan. Amma raina ya riga ya shiga rim ɗin. Na sa aka gasa bakin madigadi aka nannaɗe shi ciki, fenti ya dare kamar tafin ƙafa a hunturu. Na koma siririyar taya, mai faɗin milimita 215, aka ja ta da ƙyar ta rufe inci 9, bakin rim ya zauna tsirara. Cikin mako guda na goge shi da dakalin gefen titi wajen fakin. Ƙarar da na ji har cikin haƙorina.

Yanzu rim mai faɗin inci 8 ne a ƙafarta, ET40. Ya fito da kusan milimita 18 kacal, na cika ta da mutane huɗu na bi tudu, shiru. Tsofaffin suna jingine a lungu, yara suna hawa suna tuƙi da baki.

Shi kuwa Yaya, tun daga ranar ya fara tattaki kullum da sassafe. Jiya ya nuna min sabon ramin da ya huda a bel ɗinsa, ya buɗe ƙofar baya da kansa ya zauna. Muka haye tudu lafiya lau. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ji ko? Ta daina."

Na ce, "Ta daina, Yaya."