KL Rahul: gwanin da ya kasa cewa a'a

Na san da yawa daga cikinku za su ga kalmar kurket su wuce. Babu laifi, ku wuce abinku. Ni ma kafin karatu ya kai ni Bangalor a kudancin Indiya, in na ga mutane sanye da fararen kaya suna tsaye a rana tun safe har la'asar, tausayinsu nake ji. Shekara huɗu a can suka mayar da ni abin da na zama, mutumin da ke tashi da asuba don ya kalli wasan da ake yi a Ostireliya. Ɗan wasan da ya fi kowa cinye mini barci da ɓata mini rai kuwa shi ne Kannur Lokesh Rahul, wanda ake kira KL Rahul. 'Yan fim ɗin Indiya, ku matso kusa: surukin Suniel Shetty ne, 'yarsa Athiya yake aure tun Janairun 2023. To yanzu kun san shi.

Tun jiya muke musu da wani abokina ɗan Zariya da muka zauna ɗaki ɗaya a can. Shi a ganinsa Rahul wutar lantarkin unguwarmu ne, a kawo a ɗauke, kuma an daɗe da ba shi damar da ba a ba wasu ba. Ya ce, "Mutumina, kai dai kana son salon bugunsa ne, amma ka duba lissafi." Lissafin yana bayansa, ban musa ba. Mutumin da ya fara wasan kwana biyar, wanda ake kira Test, tun Disambar 2014, amma bayan sama da shekara goma matsakaicin makinsa yana yawo tsakanin 33 da 36. Manyan masu bugu na Indiya ana lissafa su ne daga 45 zuwa sama. Abin da nake ja da shi kawai shi ne wa ya jawo hakan.

Makonsa biyu na farko sun isa su nuna maka duk abin da zai biyo baya. A Melbon ta Ostireliya ya fito karon farko, ya ci maki 3, a zagaye na biyu ya ci 1, duka biyun da irin bugun gangancin da ake yi wa yaro faɗa a kai. A wannan wasa ɗaya an sa shi a lamba ta shida a jerin masu bugu, sannan aka dawo da shi lamba ta uku. Mako ya zagayo aka je Sidni, ya saki ƙwallon da Steve Smith na Ostireliya ya buga ta faɗo masa a hannu, wadda da ya cafke ta da an fitar da Smith, kowa ya ce yaron nan an gama da shi. Sai aka ce ya buɗe fage, wato ya zama cikin mutum biyun da ke fara fuskantar sabuwar ƙwallo. Ya ci 110. Yana da shekara 22.

Daga nan haka aka yi ta yi. A 2016 ya zama Ba'indiye na farko da ya ci ɗari a wasansa na farko na yini guda, a Harare. A Kingston ya ci 158. A Chennai, cikin Disambar shekarar, ya kai 199 a kan Ingila, saura maki ɗaya tak ya cika ɗari biyu, sai Adil Rashid ya jefo masa wata ƙwallo can gefe wadda da ya ƙyale ta babu abin da zai faru. Ya miƙa sanda ya taɓo ta, aka cafke. Ko wannan 199 ɗin ma ba a bar shi ya more ta ba, domin a wasan ne ɗan jiharsu Karun Nair ya ci 303. A 2017 ya ci hamsin sau bakwai a jere, bai mayar da ko ɗaya ɗari ba.

Ga inda nake so abokina ya tsaya ya duba. Zuwa ƙarshen 2025 Rahul yana da ɗari goma sha ɗaya a wasan kwana biyar, tara daga ciki a ƙasashen waje ya ci su. Sidni, Kolombo, Kingston, filin Oval na Landan, Lord's sau biyu, Centurion ta Afirka ta Kudu sau biyu, da Headingley. Wanda bai san kurket ba zai ga kamar sunayen garuruwa ne kawai. A Ingila ƙwallo tana lanƙwasa a iska kafin ta iso, a Centurion tana tashi ta nufi haƙarƙari da maƙogwaro. Masu bugu na Indiya da yawa suna tara makinsu ne a gida, inda ƙwallo ke zuwa a gwiwa, in sun fita waje sai a ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Shi Rahul nasa a juye yake. Inda ya fi wuya nan ya fi haskawa, inda kowa ke cika buhu nan yake dawowa hannu rabbana. Tsakanin 199 ta Chennai da ɗarinsa ta gaba a gida, wadda ya ci a Ahmedabad a Oktoban 2025, kusan shekara tara ne.

Yanzu ku bi ni mu ƙirga sau nawa aka canza masa aiki. Bayan rangadin West Indies na 2019 aka ajiye shi daga wasan kwana biyar, aka ba Rohit Sharma gurbin buɗe fage. Shekara biyu yana zaune. A 2021 an tafi da shi Ingila ne a matsayin na ko-ta-kwana, sai Shubman Gill ya ji rauni, ƙwallo kuma ta bugi Mayank Agarwal a ka wajen atisaye. Aka waiwayo aka ce Rahul, zo ka buɗe. Ya ci 84 a Nottingham, ya ci 129 a Lord's. A Fabrairun 2023 aka sauke shi daga mataimakin kyaftin, aka kuma ajiye shi, lokacin da tsohon ɗan wasa Venkatesh Prasad ya sa shi gaba a Twitter kwana da kwanaki. A Disambar 2023 aka ce ya sa safar hannu ya tsaya bayan sanduna yana kama ƙwallo, aikin da ba nasa ba ne a wasan kwana biyar, sannan ya yi bugu a lamba ta shida. Ya ci 101 a Centurion, alhali ƙungiyar gaba ɗaya 245 ta haɗa. A Oktoban 2024 ya ci 0 da 12 a kan New Zealand a Bangalor, aka ajiye shi. Wata guda bayan nan Rohit ya tsaya gida saboda an yi masa haihuwa, aka ce Rahul, zo ka buɗe a Perth. Ya ci 77, shi da Yashasvi Jaiswal suka haɗa 201, Indiya ta ci wasan. A Brisbane ya ƙara 84. Da aka zo Melbon sai aka ce ya matsa zuwa lamba ta uku, Rohit yana son gurbinsa.

Jama'a, wane tela ne za a ce yau ya ɗinka babbar riga, gobe ya yi gyaran takalmi, jibi ya tsare shago, sannan a zo ana tambayar me ya sa hannunsa bai faɗa ba? Taura biyu ba ta taunuwa, shi kuwa huɗu aka cusa masa. Mai buɗe fage aikinsa haƙuri ne, ya ƙyale ƙwallo ta wuce, ya gajiyar da masu jifa har ƙwallo ta tsufa. Mai lamba ta shida aikinsa ya shigo ya tarar da abin da ya tarar, sau da yawa ya yi sauri kafin abokan bugunsa su ƙare. Kai ɗaya ba ya ɗaukar tunanin nan biyu a mako guda. Kuma ban taɓa jin ranar da Rahul ya fito ya ce shi ba zai yi ba. Duk inda aka ajiye shi nan yake zama. Iyayensa duka malaman jami'a ne, a Mangalor ya tashi, ko tarbiyyar gidan ce, Allah masani. Masu zaɓen 'yan wasa dai sun gane cewa akwai mutum guda da za a iya toshe kowace ɓaraka da shi ba tare da ya ɗaga murya ba, suka yi ta toshewa.

Ba wai wanke shi nake yi tas ba. Akwai laifin da nasa ne shi kaɗai, kuma na gan shi da idona. Ranar 19 ga Nuwamban 2023, wasan ƙarshe na kofin duniya, Indiya da Ostireliya a Ahmedabad. Na kalle shi ne a wata rumfar mai shayi kusa da masaukinmu, gun wani dattijo da duk muke kira Anna, wato Yaya da harshensu. Ya ɗora ƙaramar talabijin a kan firij, mun fi mutum talatin a tsaye har bakin titi. Indiya ta ci wasa goma a jere kafin ranar. Rahul ya shigo an fitar da mutum uku a maki 81, ya kama tare ƙwallo, ya tare, ya tare. Ƙwallo 107 ya fuskanta ya ci 66, sau ɗaya kacal ya kai ta bakin iyaka. Anna ya bar madara ta tafasa ta zube a kan murhu bai ko waiwaya ba. Can ya juyo ya ce da ni da guntun Turancinsa, "Ƙanena, yaron nan tsoro yake ji." Indiya ta tsaya a 240, Travis Head ya zo ya ci 137, aka tashi. Anna ya kashe talabijin tun kafin a ɗaga kofi, ya ce kowa ya tafi, yau ba ya karɓar kuɗin shayi.

Abin da ya sa ranar ta fi ciwo shi ne, makonni shida kafin nan, a kan wannan Ostireliyar dai, a Chennai, Indiya ta rasa mutum uku tana da maki 2 kacal, shi ne ya zo ya tsaya da Virat Kohli ya ci 97 ba a fitar da shi ba. Har ma da bugunsa na ƙarshe ya tsallake iyaka ya ba shi maki shida aka gama wasan, sai ya durƙusa yana mamaki, domin maki huɗu ya so ya zama don ya samu damar cika ɗari. Mako guda kafin wasan ƙarshe kuma ya ci ɗari a ƙwallo 62 a kan Holan. Wato hannun yana nan, bugun yana nan. Abin da ke kama shi a ka yake. In ya ji cewa komai a wuyansa yake, sai ya shige ƙoƙo kamar kunkuru. Haka ya yi ta yi a gasar IPL ta ƙungiyoyin Indiya. Mutumin da ya ci hamsin a ƙwallo 14 a 2018, da aka ba shi kyaftin sai ya koma mai lallaɓawa, har ya ce wa 'yan jarida a 2020 ana zuzuta batun saurin cin maki fiye da kima. Wannan magana ta bi shi kamar jela. Ƙarshenta a Mayun 2024 duniya ta kalli mai ƙungiyar Lucknow, Sanjiv Goenka, yana yi masa magana da zafi a bainar jama'a bayan Hyderabad ta lallasa su. Rahul ya tsaya yana saurare. Bai ɗaga hannu ba.

Kun lura da abin da ya faru da aka sauke masa kaya? A kofin Champions Trophy na 2025 an ba shi aiki ɗaya bayyananne: kama ƙwallo, shigo a ƙasa, ƙarasa wasa. Ya ci 42 a kan Ostireliya a wasan kusa da na ƙarshe, ya ci 34 a kan New Zealand a na ƙarshe a Dubai, duka ba a fitar da shi ba, Indiya ta ɗauki kofi. A Mayu Rohit da Kohli suka yi ritaya daga wasan kwana biyar. Karo na farko a rayuwarsa Rahul ya tafi Ingila ba ya waiwayen wanda zai karɓe masa gurbi. Ya ci 532 a wasa biyar, da 137 a Headingley da 100 a Lord's, aka tashi 2 da 2. Abokina ya ce ai kakar wasa ɗaya ce, kuma da Afirka ta Kudu ta zo Indiya a Nuwamba ta ci su 2 da nema, Rahul ko hamsin bai kai ba. Haka ne. Wannan ma shi ne.

To ina aka dosa? An haife shi a Afrilun 1992, don haka lokacin kofin duniya na 2027, wanda Afirka ta Kudu da Zimbabwe da Namibiya za su karɓa, yana da shekara 35. Ni da za a tambaye ni, gara ya manta da buga wa ƙasa T20, wato gajeren wasan nan na 'yan sa'o'i. Rabonsa da shi tun wasan Adelaide na Nuwamban 2022 da ya ci 5 Ingila ta kore su, kuma yaran da ke can yanzu ba jiransa suke ba. A wasan yini guda matsakaicinsa yana kusa da 50, a bar masa safar hannunsa da lamba ta biyar, a daina tura shi shida don a gwada wani. Filayen Afirka ta Kudu kuwa ya san su fiye da yawancin abokansa. A wasan kwana biyar a ce masa kai ne mai buɗewa tare da Jaiswal na shekara biyu, ko ka ci ko ba ka ci ba, kuma kada a sake ɗora masa kyaftin ko da na riƙo ne. In an yi haka bai kai matsakaicin 40 a tsakanin ba, ni da kaina zan rubuta a nan cewa abokina ya fi ni gaskiya.

Tsorona ɗaya ne. Ran da Rishabh Pant, mai kama ƙwallo a bayan sanduna, zai sake jin rauni, ko wani yaro ya taso da ake son a ba shi gurbin buɗe fage, kociya zai kira Rahul gefe ya ce akwai wata 'yar alfarma da ƙungiya ke nema. Na kuma san amsar da zai bayar.