Kafso ba ya maganin mura

Tun da hunturu ya kama, kemis-kemis na Bauchi suka cika da masu tari da majina, kuma kusan abu ɗaya ake miƙa wa kowa: amoxicillin ko Ampiclox, kafso huɗu a ƙulle cikin 'yar leda. Wannan ɗabi'a tana ci mini rai.

Murar da ke kwantar da mutum lokaci guda, da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi da busasshen tari, ita likitoci ke kira influenza, kuma wata ƙwayar cuta da ake kira bairos ce ke kawo ta. Kafson nan bangon jikin bakteriya, wata ƙwayar cuta ta daban, yake rusawa, bairos kuwa ba shi da wannan bango. Kuɗi sun tafi a banza, bakteriyar da ke jiki kuma ta saba da maganin, ranar da ciwon huhu ya zo na gaske sai maganin ya ƙi ci. Masu cewa "ai na sha na warke" sun manta cewa yawanci cikin mako guda murar take sakin mai ƙarfin jiki, ko bai sha komai ba.

Nau'in A da B na wannan bairos ne ke zagayawa kowace shekara. A cikin A akwai H1N1 da H3N2, kuma suna sauya kama a kai a kai, shi ya sa ake sabunta rigakafin duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a shekara. Waɗanda ta fi kayarwa su ne yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu juna biyu, da masu asma, ciwon suga ko sikila.

Don gane ko ciwon huhu ya shigo, uwa ta ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ga ɗan wata 2 zuwa 11, 50 ya yi yawa. Ga ɗan shekara 1 zuwa 5, 40. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi nono, a tafi asibiti nan take. Paracetamol da ruwa da yawa sun isa mai sauƙi, amma kada a ba yaro asfirin. Oseltamivir, maganin da ke taɓa bairos ɗin, ya fi aiki cikin awa 48 na farko, kwanakin da muke ɓatawa a kan kafso.

Hukumomi su hana sayar da waɗannan kafso ba takardar likita, su kuma kai rigakafin inda ake awon ciki.