Takardar kotu ba ta isa ka fita da yaro daga Maroko ba

Ina yawan jin masu shirin zuwa Maroko ɗaukar rainon maraya suna cewa da zarar alƙali ya damƙa maka yaro, ya zama ɗanka, sai ku hau jirgi ku koma gida. Ba laifinsu ba ne, domin a ƙasashe da dama hukuncin kotu kan mayar da yaro ɗa ta kowace fuska.

Amma dokar iyali ta Maroko ba ta yarda da tabanni ba, wato mayar da ɗan wani ya zama naka ta kowace fuska. Kafala ake bayarwa, wato riƙon yaro, bisa dokar 2002: ci, sha, sutura da karatunsa suna wuyanka, amma nasabarsa ba ta dawo gare ka ba, kuma ba ya gadonka sai ka yi masa wasiyya. Fita da shi daga ƙasar ma sai alƙali ya ba da izini na daban, sannan a nemi fasfo da biza.

A ce miji da mata ne mazauna Faransa. Ga takardar kafala a hannu, ga jariri a goye, amma Faransa ba ta ɗaukar kafala a matsayin tabanni, don haka sai sun zauna jiran biza, kuɗin masauki na ta ƙaruwa. Shi ya sa nake roƙon mutane su fara tambayar ofishin jakadancin ƙasar da za su koma kafin su yanki tikiti.