Sambatun mai dashen ɓargo ba hauka ba ne

Wanda ya watsa muryar ɗan ƙanena yana sambatu a gadon asibiti, ya ji tsoron Allah. Mutum ɗaya na tura wa daga Indiya, inda aka yi masa dashen ɓargo, da daddare, ina kuka, don a taya mu addu'a. Jiya a wurin suna a unguwar Aboabo, nan Kumasi, sai ga wata tana cewa wai an kai yaro neman lafiya an dawo da mai aljanu, wata ta ce ai jifa ne. Yaron da sikila ta wahalar shekara 14, yanzu da Allah ya ba shi sauƙi shi ne za ku laƙa masa hauka?

Ni na kwana da shi, ku bari in gaya muku. Kafin a yi wa mutum dashen ɓargo sai an ba shi kemo, wani magani mai ƙarfi, ya kashe nasa ɓargon. Daga nan fararen ƙwayoyin jininsa su kusan ƙarewa, ya yi mako 2 zuwa 3 ba shi da garkuwa. Baki ya yi gyambo har haɗiyar yawu ta gagara, a sa masa mofin, maganin rage zafin ciwo. Ga zazzaɓi, ga ƙoda ta gaji da magani, ga rashin barci a ɗakin da ba ya sanin dare da rana. Ƙwaƙwalwa ma ai jiki ce. Ta ruɗe.

A dare na 9 ya kalle ni ya kira ni da sunan kakarsa da ta rasu, ya ce in kore awakin da ke kan silin, yana neman fizge robar da aka sa masa a ƙirji. Ni na goya shi yana jariri, amma bai gane ni ba. Na danna ƙararrawa. Nas ta auna shi, zazzaɓi ya wuce 38, nan take aka ɗebi jini aka ɗaura maganin kashe ƙwayoyin cuta. Cuta ce ta shiga jininsa. Bayan kwana 3 ya ce, "Gwaggo, ina jin yunwa." Da na tsaya tunanin wa ya yi masa sammu, ban san abin da zan dawo da shi Kumasi ba.

Likitoci suna kiransa diliriyam, kuma ba baƙon abu ba ne. A wani bincike da aka buga a 2002 a Siyatul ta Amurka, cikin majinyata 90 da aka yi wa dashe rabinsu sun shiga wannan ruɗewa a makonnin farko. Likitoci sun kuma lura cewa majinyacin da ya ruɗe ya fi shiga hatsarin rasa rai, domin sau da yawa wani abu ne yake ci a ƙarƙashi: cuta a jini, ƙoda, hanta, ko magani ya yi yawa. Wanda ya fi ba ni tsoro ma shi ne mai yin shiru, yana ta gyangyaɗi, ba ya amsa magana sosai, mai jinya ta ce barci yake yi, a bar shi ya huta. A'a, 'yar uwa, kira nas.

Kada wani ya zo min da cewa ina musun aljanu. Na yi imani da abin da Alƙur'ani ya faɗa, kuma Ayatul Kursiyyu ba ta bar bakina ba a daren. Na yi tofi, na kira nas, ɗaya bai hana ɗaya ba. Masu cewa "to amma me ya sa yake ganin matattu", ku tambayi duk wadda ta yi jinyar yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani abin da ta ji daga bakinsa.

A Gana cikin jarirai 100 kusan 2 da sikila ake haifarsu, kuma a nan Kumasi aka fara gwajin jarirai tun 1995. Wasu iyayen za su bi hanyar da muka bi. Idan kuka sa uwa ta ji kunyar faɗin cewa ɗanta yana sambatu, za ta ɓoye, lokaci ya ƙure.

Sannan masu zuwa dubiya, don Allah a daina kawo masa fura da nono da rubutun sha a gora. Garkuwarsa ba ta gama dawowa ba, likita ya ce sai dafaffen abinci mai zafi da tafasasshen ruwa. Mai tari ko mura ya gaishe shi ta waya. Jiya da yamma mutum 6 na mayar daga bakin ƙofa, biyu sun yi fushi.