Wai Sai Gobara Ta Tashi Za a Canza Masa

Jiya wani lebura ya kai wa sito-kifa gwangwanin numfashinsa, wanda ake ratayawa a ƙugu kafin a sauka ramin kwal. Hatimin ya ɓalle, 'yar tagar da ke nuna danshi ta sauya launi. Duk wanda ya san aikin ya san ma'anar haka: danshi ya kai ga sinadarin da ke ba da iskar shaƙa, awa ɗayan da zai yi amfani da ita ya tsira da ransa babu tabbacinta.

"Oga, don Allah a canza min wannan, ya lalace."

Oga ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba. "Ka buɗe ka gwada?"

"Ai ba a buɗewa, ranka ya daɗe. Sau ɗaya ake amfani da shi."

"To ta yaya ka san ya lalace? Duba kake yi?" Ya sa bayan biro ya turo masa abinsa. "In gobara ta tashi ya ƙi aiki, ka dawo mu canza."

Ka dawo! Madalla da wannan basira. Daga lahira zai dawo da rasit?

Da ma shi kaɗai ne, da sauƙi. Tukwanen kashe gobara allurar awonsu ta daɗe da barin koren da ke nuna suna da lafiya, hodar ciki ta dunƙule don ba mai jijjiga su. Rolar bel ɗin da ke jigilar kwal ta cije, bel na gogarta har tana zafi, garin kwal jibge a ƙarƙashi, kuma daga nan gobarar bel ke farawa. Ka murɗa famfon da ke gefen bel ɗin, sai tari yake, mesa kuwa ta tsage. Garin farar ƙasa da ake watsawa don ƙurar kwal kada ta yi bindiga, ba a saye, wai tsada. Iskar metan, gas ɗin da ke fitowa daga kwal, na fashewa in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ramin, amma na'urar aunata an naɗe mata baki da leda don kada ta yanke wutar inji, aiki ya tsaya.

A Soma ta ƙasar Turkiyya, a 2014, mutum 301 suka mutu a gobarar ramin kwal, akasarinsu iskar kabon monoksaid ce ta kashe su, wadda ba ta da wari balle launi.

Ina hukuma? Sufeto zai aiko da sanarwar zuwansa, a goge tukwane, a shafa fenti, ya sha shayi a ofis, ya sa hannu, takalminsa ko baƙi bai yi ba. Ranar da aka jera gawarwaki kuwa, manya za su zo da gilashi da kalmar "ƙaddara", a kafa kwamiti. Leburan nan dai ya rataya mataccen gwangwaninsa ya sauka, don in ya ƙi, akwai masu jiran gurbinsa a bakin ƙofa.