A ba ɗaliban injiniya magudanar unguwarsu su lissafa

Daren jiya ƙanena ya shigo da kwamfutarsa, wai in duba masa aikin rukunin da aka ba su a kwas ɗin warware matsalolin injiniya da kwamfuta. Yana karantar injiniyan gine-gine da hanyoyi, fannin da nake cin abinci da shi. Da na buɗe, sai na ga tsarin bututun ruwa ne na wani gari da babu shi a doron ƙasa, an ɗauko shi daga littafi da adadinsa da komai. Su bakwai ne a rukunin. Na ce masa, ƙane, wa ya rubuta umarnin kwamfutar nan da harshen Python? Ya kira sunan yaro ɗaya. Sauran fa? Ya yi shiru, can ya ce sun haɗa kuɗin bugawa.

Raina ya sosu matuƙa, domin haka aka yi mana mu ma, kuma sai da na fita fili na san asarar da na yi.

Kwas ɗin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ɗalibai suke ɗauka. Yawancin lissafinmu ba ya warwaruwa a zama ɗaya. Sai ka yi kintace, ka gwada, ka gyara, ka sake gwadawa, har amsa ta tsaya. Dabarar da injiniya Hardy Cross ya fitar a 1936 don lissafa rabuwar ruwa a bututan da suka haɗu da juna suka yi zagaye haka take, ta Newton-Raphson ma haka take. Abin da injiniyan zamanin baya yake kwana yana yi da fensir, kwamfuta tana gamawa kafin ka ƙifta ido. Amma kwamfuta ba ta san Katsina ba. Adadin da ka zuba mata shi za ta sarrafa, ta miƙo maka amsa mai kyan gani ko da adadin ƙarya ne.

Shi ya sa nake roƙon malamanmu, da girmamawa, su daina ba yara garuruwan littafi. Matsala tana bakin ƙofarmu. Duk wanda ya yi damuna a birnin nan ya san yadda wasu lunguna suke komawa bayan ruwan Agusta na awa ɗaya. Mutanen Jibiya kuwa ba su manta da ambaliyar Yulin 2018 ba, wadda ta ci rayuka sama da 40. Allah Ya jiƙan su.

A ba rukuni magudana ɗaya tak, a wajen Ƙofar Marusa ko Ƙofar Ƙaura ko duk unguwar da ɗayansu yake zaune. Su je da tef su auna faɗinta da zurfinta, su ɗauko gangararta da na'urar lebur mai auna tudu da kwari, su buɗe taswirar tauraron ɗan Adam a manhajar taswira ta QGIS su zana iyakar filin da ruwansa yake gangarowa cikinta. Daga nan ne karatu zai fara shiga jikinsu. A lissafin yawan ruwan da ke kwarara akwai adadin da ke nuna kashi nawa na ruwan sama ne ƙasa ba ta shanyewa. A fili mai yashi bai wuce 0.1 zuwa 0.2 ba, amma inda aka rufe da kwano da siminti da kwalta yana kai 0.8 ko 0.9. Yaron da ya ga wannan da idonsa zai gane dalilin da ya sa kwalbatin da ya ishi unguwa lokacin tana gonaki ya kasa yanzu da ta cika da gidaje. A lissafin Manning kuma, wanda ake gane yawan ruwan da magudana take iya ɗauka da shi, akwai adadin kaushin jikinta: kankare mai santsi ana ba shi kusan 0.013, magudanar ƙasa mai ciyayi kuma kusan 0.030. Idan wannan adadi ya ninka, ruwan da magudana take iya ɗauka ya ragu da rabi. To wane adadi za ka ba lambatun da leda da yashi suka cinye rabinsa? Su yi gardama a kai, su gwada a kwamfuta sau goma, su zo su kare abin da suka zaɓa. Wannan gardamar ita ce aikin injiniya.

Ko aikin bututun ma, ai muna da namu. Ruwan madatsar Ajiwa da yake shigowa birni ya isa abin nazari. Manhajar EPANET, wadda ake lissafin ruwan bututu da ita, tana ɗauka bututu a cike yake dare da rana, alhali a garuruwanmu famfo yakan zo ya ɗauke, shi ya sa 'yan ga-ruwa suke da kasuwa. Ɗalibin da ya gano wannan saɓani da kansa ya fi wanda ya haddace babi uku.

Sai batun 'yan rakiya. Rukuni kada ya wuce mutum huɗu ko biyar, kowa da ɓangarensa a rubuce tun makon farko. Ranar karewa kuma malam ya nuna wanda ya ga dama, ya ce masa canja gangarar nan ka gaya mini abin da zai faru kafin ka danna. Minti biyu sun isa a san wanda ya yi aiki. A raba maki biyu, na rukuni da na mutum. Kuma don Allah a daina mayar da ɗalibai mata masu buga rahoto kawai. A ba su lebur su riƙe, a ba su umarnin su rubuta.

Na san za a ce babu kwamfutoci, babu wuta, aji ya cika maƙil. Gaskiya ne, ban raina wahalar malami mai ɗalibai ɗari ba. Sai dai manhajojin lissafin ruwa irin su EPANET da SWMM da HEC-RAS, da QGIS da Python, duk kyauta ne, kuma lissafin magudana ɗaya ko Excel a tsohuwar kwamfuta zai ɗauka. Sabon tsarin manhajar karatu da hukumar jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Ga dama nan a hannu. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya ratso ta Daura da Katsina da Jibiya, cike da gadoji da kwalbatoci, ga Jami'ar Sufuri a Daura. Idan an gama aiki, 'yan kwangila sun tattara kayansu sun tafi, wa zai kula da waɗannan gine-gine in ba yaran nan ba?

Na ce wa ƙanena ya miƙa aikinsu yadda aka umarce su, maki ba abin wasa ba ne. Amma ranar Asabar bayan sallar asuba ya kira abokan nan nasa shida. Na aro lebur a wurin aiki, akwai kwalbatin bayan gidanmu da ruwa ya hau kansa sau biyu a damunar bara, da shi za mu fara.